Kwana uku a tanti a dajin Gashaka: amsa ga masu tsoron damisa

Tambayar da aka aiko ita ce: “Mu biyar ne daga Kano, abokan juna tun makaranta. Mun je Yankari sau biyu, mun kwana a ɗakunan Wikki, amma hayaniya ta yi mana yawa. Yanzu muna so mu kafa tanti a can cikin kurmi wajen gandun dajin Gashaka-Gumti, inda babu kowa, mu yi kwana uku. Wane lokaci ya fi? Me za mu riƙe? Kuma ɗayanmu ya dage cewa damisa za ta cinye mu. Da gaske ne?”

Malam, ka gaya wa abokin naku ya kwantar da hankalinsa. Akwai damisa a Gashaka, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai ta fi ku ƙin haɗuwar. Na yi shekaru ina kai ɗalibai karatun tsirrai da namun daji cikin wannan gandu, na kwana a tanti dare ba adadi, kuma abin da na sani nata shi ne sawu a kan yashin bakin rafi, sai jefi-jefi kukan nan nata mai kama da ana jan zarto a katako, can nesa da tsakar dare. Mutanen da na ga sun dawo gida a wahale ba ita ta taɓa su ba. Wani ruwa ne ya cuce shi, wani ƙwari, wani sanyi, kuma in ka bi diddigi kusan kowannensu za ka tarar tun wajen zaɓen inda aka kafa tanti aka yi ɓarnar. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan wannan fiye da lissafin kaya.

Amma tukuna, in gyara maka kalma ɗaya. Ka ce “inda babu kowa”. Babu irin wannan wuri a Gashaka. Gandun ya zarce murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, shi ne mafi girma a Najeriya, kusan ninki uku na Yankari, amma duk faɗinsa yana da masu shi. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandaye biyu, Gashaka da Gumti, aka mayar da su gandun daji na ƙasa, don haka doka ce ke iko da shiga da fita. Ba a kafa tanti a ciki sai da izinin hukumar gandun, ba a kuma yawo sai da ma'aikacinsu, wanda kowa a can ke kira renja. Tun 2017 hukumar tana tafiyar da gandun tare da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors, kuma sintiri ya ƙaru. Ban da su, akwai ƙauyuka da rugage da doka ta bari a cikin gandun, musamman Fulani makiyaya a kan tsaunuka irin su Chappal Hendu da Filinga. Sai waɗanda ba a son haɗuwa da su: mafarauta, masu haƙar ma'adinai a ɓoye, da masu saran madobiya, itacen nan da 'yan katako ke ce wa madrid. Ku biyar da baƙuwar fuska da tocila a tsakiyar kurmi ba tare da renja ba, ɗan sintiri zai ɗauke ku mafarauta, mafarauci kuma zai ɗauke ku 'yan leƙen asiri. Ko wanne ya same ku, ba daɗi.

Saboda haka tafiyarku daga Serti za ta fara, inda hedikwatar gandun take. Ku tuntuɓe su tun kuna Kano, makonni kafin tashi, ku faɗi yawanku da kwanakin da kuke so, ku kuma yi tambayar da mutane ke jin kunyar yi: wane ɓangare ne lafiya a wannan watan? Amsar tana sauyawa, su ne kuma ke da ita, ba ni ba. In suka ce kada a je wuri kaza, an gama magana. Ko kusa kada wani ya ce muku Kamuku ta Birnin Gwari ta fi kusa da gida, ko Kainji. Halin tsaron da waɗannan dazuzzuka suka shiga a shekarun nan bai bar wa mai yawon buɗe ido wurin kwana ba.

Hanya kuwa, daga Kano ku bi Gombe, Kaltungo, Numan, ku kwana Jalingo. Washegari da sassafe ku kama hanyar Bali zuwa Serti, wadda ita ce ke haurawa Mambila. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, wato kwana ukunku na daji mako guda ne cif. Kada ku yi tafiyar dare. Ku cika tanki da jarka inda kuka ga mai, ku riƙe tsabar kuɗi. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanyar daji ce mai duwatsu da mashigai, ƙaramar mota ba ta yi, sai mai jan ƙafa huɗu ko babur. In kun isa ƙauyen ku je ku gai da mai gari kafin ku wuce, ku riƙe masa goro ko ɗan abin shayi. Wasu 'yan birni suna ganin wannan ɓata lokaci ne. To ranar da ƙafar wani ta goce a kan dutse, mutanen garin nan ne za su ɗauko shi. Hausa za ta fisshe ku, amma in akwai mai jin Fulatanci a cikinku kun ci riba. Har sunayen wuraren nasu ne, mayo kogi ke nan.

Lokaci: daga Disamba zuwa farkon Maris. Wajen Kwano, cikin kurmin kudancin gandun, ruwan sama na shekara yana kai kusan milimita 2,000, ya ninka na Kano har da ɗoriya, kuma yana fara sauka tun muna fama da zafin bazara a arewa. Da damina koguna kan cika, hanyoyi su yanke. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiyar ƙafa, sai dai ciyawa na da tsawo a fili, hazo kuma kan rufe tsaunuka. Fabrairu ciyawa ta ƙone, dabbobi sun matso bakin ruwa, an fi ganinsu, amma rana ta fara cizo. Da ni ne, ƙarshen Janairu zan zaɓa.

To mu zo kan zango. Renja zai kai ku inda aka saba sauka, kuma shawarata ku karɓa ko da wurin bai yi muku kyan hoto ba. Amma ya kamata ku san dalilin da ya sa yake zaɓen nan ya bar can, don ranar da gardama ta tashi ku san bayan wa za ku bi.

Baƙo yana ganin farin yashi shimfiɗe a bakin kogi sai ya ce ga gado Allah ya ba mu. Wannan yashi kogi ne ya ajiye shi, kuma yakan dawo ya duba kayansa. Kogunan Gashaka daga kan tsaunuka suke gangarowa, su ne ke ciyar da kogin Taraba har zuwa Binuwai. Ana iya tafka ruwa a kan tsauni da yamma alhali ku a ƙasa taurari kuke gani, cikin dare sai ruwan ya iso. Na taɓa yin wannan wauta a ƙarshen wani Maris. Na ga sama garau, na bar ɗalibai suka kafa a kan yashi saboda gajiya, duk da renjan da ke tare da mu ya nuna bai so ba. Wajen ƙarfe uku na dare ya tashe mu. Ba mu rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma tukunya biyu da buhun shinkafa da takalman mutum uku sun tafi Binuwai. Da gari ya waye ya nuna mini abin da na kasa gani jiya: busasshiyar ciyawa da karare rataye a rassan itatuwa, sama da kaina. Nan ruwa yake kaiwa. Tun daga ranar, in na isa bakin rafi sama nake fara dubawa, in kafa tanti a tudun da ya wuce wannan shara.

Abu na biyu da ake dubawa a bakin ruwa shi ne turba. In kun ga wata hanya mai faɗi ta fito daga kogi ta haura gaɓa, ƙasa a tattake, kashi a warwatse a jikin ciyayi, ta dorina ce. Akwai su a Mayo Kam. Dorina da rana tana ruwa, da dare take fitowa kiwo, in kuma ta firgita ruwa take nufa a guje ta turbar da ta saba, ba ruwanta da abin da ke kai. Kada tanti ya shiga tsakaninta da kogi. Haka ƙananan turbobin da bauna da gwambaza ke bi zuwa shan ruwa. Ku ba su hanya, taku ɗari ba ya rage muku komai.

Sannan ku ɗaga kai ku dubi itacen da za ku kwana ƙarƙashinsa. Mataccen reshe a kurmi ba ya sallama kafin ya faɗo. Ɓaure mai 'ya'ya kasuwa ce: jemagu da dare, birai da asuba, duk abin da suka ci kuma a kan tantinku zai sauka. Itace mai kogo, ku tsaya ku saurara ko akwai zuma, don hayaƙin girkinku zai tashe ta, ƙudan zuman daji kuwa in ya tashi ba ya bin mutum ɗaya. Ku dubi ƙasa kuma. Tarin duwatsu, ruɓaɓɓen gungume da tsohon suri gidajen maciji da kunama ne. A share wurin tanti har sai an ga ƙasa, a share kewayen murhu kamar taku uku ta kowane gefe. Da rani ciyawar Gashaka ta fi mutum tsawo kuma a bushe take ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa. Wurin da wuta ta riga ta ci ya fi aminci a kan wanda ba ta ci ba, ko da toka za ta ɓata muku kaya.

Akwai kuma kwarkwasa, wadda babu mai tambaya a kanta sai wanda ta taɓa kwana da shi. Tafiya take yi a runduna, dubu bisa dubu, in zangonku ya faɗo kan hanyarta ko ta ji ƙanshin mai da ƙashin kifi, cikin tanti za ta same ku. Ba a faɗa da ita. Fita ake yi, a tuɓe, a cire ta ɗaya-ɗaya, a jira ta wuce. Kafin duhu ku zagaya zangon ku duba ko akwai baƙin layinta, ku zuba tokar murhu a kewayen tanti, ku kai wanke-wanke nesa, ku ja zif ɗin tanti ko da fitsari za ku fita. Duk wannan dubawa tana son haske, don haka ku isa zango kafin la'asar sakaliya. Wanda ya kafa tanti da tocila, abin da ya kwanta a kai sai da safe zai sani.

Ruwan sha ba za ku iya ɗauka daga gari ba, ku yi lissafi ku gani. Mai tafiyar ƙafa a wannan ƙasa yana shan lita 3 zuwa 4 a yini, in an haɗa da girki da alwala a ce 6. Mutum biyar, kwana uku, lita 90 ke nan, kilo 90, ba a sa renja da masu dako ba. Dole ruwan rafi za ku sha. Yana da haske kamar gilashi, sanyi kamar daga randa, kuma wannan hasken ne ke yaudarar mutane, don shanu da namun daji da rugage suna sama da ku. A tace da tsumma mai tsabta, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs a jira minti 30. Ku riƙe gishirin gudawa, wato ORS, fakiti da yawa. Gudawa a gida abin dariya ce; a wurin da mota take da nisan yini guda a ƙafa, tana kwantar da ƙato.

Ɗiban ruwan ma da ladabinsa. Akwai kada a manyan gurabun kogi, kuma kada yana lura da wanda ke zuwa wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ya tsuguna. Wa ke yin haka? Mai alwalar asuba da ta magariba. Ku ɗebo da bokiti tun da rana, ku biyu, ku koma tudu ku yi alwala da buta. Wanka sai inda renja ya nuna, a ruwa mai gudu marar zurfi. Kwantaccen ruwa mai ciyayi da dodon koɗi ku ƙyale shi, nan tsargiya take. Bayan gida kuma a haƙa rami kamar taƙi ɗaya, aƙalla taku 70 daga rafi, a rufe in an gama. Akwai mai shan ruwan nan a ƙasa da ku, kamar yadda kuke shan na wanda ke sama.

Tunda an zo kan alwala: tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba matafiyi ne. Alƙibla a can gabas ce mai karkata arewa, karkatar ta ɗan fi ta Kano. Kada ku bi mafitar rana, don a Disamba da Janairu ta kudu maso gabas take ɓullowa. Kamfas ɗin waya yana aiki ko babu sabis. Ku duba sau ɗaya ku ja layi a ƙasa.

Ƙwari. Sauro kun san shi, sai dai ku tabbata ragar tantinku ba ta huje ba, wanda zai kwana a waje ƙarƙashin tamfol ya rataya gidan sauro mai magani. Wanda ba ku saba da shi ba tsando ne, ƙudan da ke sa wa shanu sammore, yana cikin dalilan da suka sa makiyaya suka fi son kan tsauni. Da rana yake cizo, cizon kamar allura, yana huda yadi marar kauri, kuma shuɗi da baƙi ne ke jawo shi. Shuɗiyar shadda da baƙar rigar ƙwallo ku bar su a Kano. Ku sa kaki ko ruwan ƙasa, dogon hannu, dogon wando a cusa cikin safa. A bakin ruwa mai gudu akwai wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda, shi ke yaɗa cutar nan mai ƙaiƙayi da makanta da ake raba Mectizan saboda ita. Cutar tana son cizo mai yawa na tsawon lokaci, baƙon kwana uku ba shi ne abin jinta ba, amma ƙaiƙayin cizon kaɗai zai hana ku barci. Man shafawa mai sinadarin DEET yana taimakawa. Kowace yamma ku duba jikinku saboda kaska, musamman hammata, matsematsi da bayan gwiwa.

Maciji shi ne abin da ya cancanci tsoron da abokinku ke ɓarnatarwa a kan damisa. A fili da wuraren duwatsu akwai kububuwa da kasa, dukansu ba sa gudu, lafewa suke yi har a taka su. Yawancin cizo a ƙafa ne, da dare, ga mai silifa da ya fita ba fitila, ko a hannu ga mai ɗiban itace. Maganin wannan sananne ne: takalmi sau-ciki, tocila a hannu ko taku biyar za a yi, a tara itace tun da rana, a zazzage takalmi da safe kafin a zura ƙafa. In tsautsayi ya faɗa, ga abin da ba a yi: ba a ɗaure da igiya ko roba, ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a dogara da baƙin dutse. Na san da yawa cikinmu mun taso muna ganin ana yin waɗannan, amma ɗauri yana kashe gaɓa, tsagawa kuma ga wanda kububuwa ta ciza ƙofar zubar jini ce, don dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai iya wuni yana hira yana cewa ya warke, washegari dasashi ya fara jini. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka, a nufi asibiti. Allurar kashe dafi ce kaɗai magani. Za ku wuce ta Kaltungo, inda asibitin cizon maciji yake, amma daga Gashaka nesa ne ƙwarai, don haka tun a Serti ku tambayi hukumar gandun inda ake samun allurar mafi kusa, da yadda ake fito da marar lafiya, da yadda renjanku zai yi magana da ofis. Cikin kurmi wayarku agogo ce kawai da kyamara.

Sanyi yakan ba Bakano mamaki, don yana ganin ya san hunturu. A kwari kusa da rafi raɓa ce ke jiƙa komai kafin asuba. In kuka haura tudu kuwa, kowane mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6, ga iska. Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419 ne, babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya. Shi tafiya ce daban ta kwanaki, kada ku cusa shi cikin kwana ukun nan. Abin da mutane ke mantawa shi ne sanyin ƙasa ya fi na sama cin jiki, don haka shimfiɗa ta fi bargo muhimmanci: leda ko tamfol a ƙasa, sannan 'yar katifar soso. Hular sanyi da safa busasshiya ta barci kawai. Kuma don Allah, komai sanyi, kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti a rufe. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, barci take sawa, ba a farkawa. Mun sha jin haka a ɗakunan birni da hunturu, tanti kuwa ya fi ɗaki ƙanƙanta.

Guzuri ba sai na koya wa Bahaushe ba, kakanninmu fatake sun gama wannan bincike. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, dabino, soyayyar gyaɗa, shinkafa, taliya, man gyaɗa, yaji, kayan shayi. Ku lissafa da renja da masu dako, tukunya ɗaya ake ci. Ashana a cikin leda, adda ɗaya, igiya, tocilar goshi ga kowa da batir na canji, da akwatin magani mai bandeji, maganin ciwo da na ƙaiƙayi. In kun bi ta ruga kuka samu kindirmo, ku saya da daraja, amma ɗanyen nono a tafasa. Naman daji kuwa ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, laifi ne a gandu, kuma karɓarku ce ke sa a harbo na gaba. Kamun kifi ma sai da izini, duk da Mayo Kam ya yi suna da giwan ruwa da tsage. Abinci a rufe shi cikin bokiti mai murfi a ajiye nesa da inda ake kwana. Gwaggon birin wajen ƙauyen Gashaka ya saba da gonakin mutane, ba ya jin kunya, kun ga irinsa a Wikki. Wanda ya miƙa masa ayaba don hoto ya gayyato garke. Leda da gwangwani duk a dawo da su Serti.

To me za ku samu a madadin duk wannan wahala? In giwa kuke nema ku koma Yankari, a kurmi ba a ganin dabba a fili kamar a talabijin. Gashaka ta kunne ce. Dare na fari ba za ku yi barci sosai ba, kowane motsin ganye damisa ne a zuciyar abokinku. Dare na biyu kunne ya fara rarrabewa: wannan kwaɗi ne, wannan mujiya, wancan haushin mazo ne ba kare ba. Da asuba birai masu baƙi da fari, masu jela kamar tuta, sukan yi wani gurnani da ke amsawa daga kwari zuwa kwari. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 500 a gandun. Kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan ganuwar Jamusawa a kan tudu, tun zamanin da yankin ke ƙarƙashin Kamarun Jamus. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya zama Najeriya. Ku hau da safe kafin rana ta yi zafi.

In kuma kun yi sa'a, wajen Kwano za ku ji ganga a inda babu makaɗi. Mutanen wurin suna ce masa biri mai ganga. Shi ne babban birin nan marar jela da ya fi kowace dabba kama da mutum, irin wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa da suka rage. Gangar tasa saiwar itace ce, irin faffaɗar saiwar nan mai kama da allo da kuke gani a gindin rimi. Yana dukanta da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kurmi. Masu bincike da Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya jagoranta sun fara zama a Kwano a 2000, sun tarar yana gyara tsinke ya zura a rami ya ci kwarkwasar nan da ta kore ku daga tanti, yana kuma haƙo zuma da sanda. Kowace yamma sabon gado yake yi a kan itace da lanƙwasassun rassa. Gadon za ku fi gani, shi kansa da wuya, don bai saba da mutane ba. In Allah ya haɗa ku, ku tsaya nesa kamar taku goma sha biyar, ku yi shiru, kada ku bi shi. Mai mura ko tari a cikinku ya zauna a zango ranar, saboda murarmu tana kama shi, kuma tana iya kashe shi.

Kafin ku bar Kano ku rubuta wa mutum ɗaya a gida ranar shiga, ranar fita, da lambar ofishin gandun, ku ce masa in rana kaza ta wuce bai ji ku ba ya kira. Ranar tashi daga zango a kashe wuta da ruwa, a juya tokar, a sa hannu a ji ta huce. Ku sallami renja da masu dako da hannu sake, kuɗin da aka yi ciniki daban, alheri daban. Bayan kun dawo kuma, zazzaɓin sauro ba ya nunawa sai an yi mako ko fiye, tsargiya kuwa sai bayan makonni. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, ko ya ga jini a fitsari, ya je a gwada shi, ya kuma faɗa wa likita a fili cewa ya kwana a dajin Taraba ya shiga rafi.